Ramin gashin da ya mutu ba ya jin kira

Ranar Alhamis da ta wuce, ana tashi daga makaranta, wata uwa ta tare ni bakin ƙofa da salula a hannu. Ɗiyarta ɗalibata ce, ƴar sankiyam, yarinya mai ƙoƙari, irin waɗanda ba sai an tsaya a kansu ba kafin su buɗe kaye. Bayan mun gaisa ta ce, "Mushe, kai ne ke koya musu ilimin halitta, don Allah duba mini wanga abu kafin in zuba kuɗina." Bidiyo ne na minti biyu da aka turo mata ta WhatsApp. Wani mutum ne sanye da farar rigar likita, riƙe da ƴar kwalba, yana cewa man da ke ciki sabon bincike ne daga Turai, yana ratsa fata ya shiga ƙwayoyin gado ya gyara su, ya tada saiwar gashin da ta mutu cikin kwana 21. Kwalba guda jika goma sha biyar, kuma sai an shafe uku a jere.

Na tambaye ta wa za a shafa wa. Ta ce yarinyar. Gashin gaban goshinta ya cinye tun bara, har ta daina yarda a tsefe mata kai gaban ƙannenta.

Na cire hula na sunkuyar mata da tsakiyar kaina, na ce, "Hajiya, da akwai wannan magani a duniya, kina ganin zan bar kaina haka?" Ta yi dariya har da rufe baki, ta ce ai sanƙo alamar arziki ne. Na ce to nawa dai ya taho ya bar arzikin a hanya, albashin malami shaida ne.

Dariya ta wuce, amma maganar ta kwana a raina. Mai farar rigar nan ba daga sama ya tsinto kalmominsa ba. Da gaske ne masana sun fi shekara 25 suna neman yadda za su juya tsiron gashi ta hanyar ƙwayoyin gado da saƙonnin da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna, kuma sun gano abubuwan ban mamaki. Sai dai wanda ya bi labarin binciken daga tushe zai ga yana ƙaryata mai kwalba ne, sannan yana nuno mu da yatsa, mu malamai da iyaye. Duk dabarar da aka gwada, da wadda ta ci da wadda ta faɗi, abu guda take buƙata: ramin gashi mai rai. Shi kuwa wannan ramin, a hannunmu yake mutuwa a kan yaranmu, ba tare da mun ankara ba.

Bari in fara da abin da nake zanawa a tablo. Kowane silin gashi daga wani ɗan rami yake fitowa a cikin fata. Kan mutum yana ɗauke da ramuka wajen dubu ɗari, kuma tun yana cikin mahaifiyarsa aka gama gina su. Bayan haihuwa ba a ƙara masa sababbi. Silin da muke gani a waje matacce ne, shi ya sa aski ba ya zafi, shi ya sa kuma duk man da aka shafa wa silin kansa, iyakarsa ya sa shi laushi ya hana shi karyewa. Rai yana can ƙasa. A gindin ramin akwai wani ɗan dunƙule na ƙwayoyin halitta, abin da muke kira selil a aji, shi ne kamar mai gari mai ba da umarni. Can sama da shi kaɗan akwai wasu ƙwayoyin da ke kwance ba sa aikin komai sai an kira su. Su nake ce wa ƙwayoyin iri, don kamar irin gero ne da manomi ke ɓoyewa a rumbu yana jiran saukar ruwa.

Ramin yana da damina da kaka da rani irin nasa. Yakan yi shekara biyu zuwa shida yana fitar da gashi, wajen santimita ɗaya a wata. Sai ya yi mako biyu ko uku yana tsukewa, sannan ya huta kamar wata uku, tsohon sili ya faɗi, sabo ya taso a gurbinsa. Kowane rami da nasa lissafin, ba tare suke hutawa ba, shi ya sa sili 50 zuwa 100 ke faɗuwa kullum amma kai bai yi fayau ba. Abin da ke juya wannan zagaye saƙo ne. Ƙwayoyin gindi suna fitar da wasu sinadarai ƙanana da ke tafiya zuwa ga maƙwabta, kamar sanƙira mai shela. Akwai wanda ake kira Wnt, shi ke ce wa ƙwayoyin iri su tashi. Akwai BMP mai cewa a ci gaba da barci. Akwai FGF5 mai cewa tsawo ya isa haka. Akwai kuma wani mai sunan ban dariya, Sonic hedgehog, wato bushiya, wanda ke sa ƙwayoyi su yi ta ninkuwa sa'ad da ake gina sabon sili. Kowane ɗaya daga cikin saƙonnin nan a rubuce yake cikin ADN, kuma wannan rubutun shi ne ƙwayar gado. Jinya ta ƙwayoyin gado kuwa ita ce a shiga cikin selil a ƙara wani rubutu, ko a gyara wanda ke nan.

Ko daga nan ma akwai abin da uwa za ta amfana da shi. Idan mace ta haihu, ko yaro ya sha zazzaɓi mai tsanani, ko jini ya yi ƙaranci, ramuka masu yawa sukan sami saƙon hutu a lokaci guda. Ba nan take gashin ke zuba ba, sai bayan wata biyu ko uku, lokacin da an ma manta da ciwon. Mai jego ta ga gashi cike da mataji, hankalinta ya tashi, ta sayi kwalba. Bayan wasu watanni gashin ya dawo, don dama zai dawo da kansa, kwalba kuma ta kwashe yabo. Kasuwar masu man nan, rabinta a kan wannan take tsaye.

Sanƙon maza irin nawa labarinsa daban. Tun 1942 wani masanin Amurka, James Hamilton, ya lura cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin sanƙo, amma idan aka yi musu allurar sinadarin mazantaka, masu gadon sanƙo a cikinsu sai kansu ya fara kwaɓewa. Ke nan abu biyu ke haɗuwa, gado da sinadari. Sinadarin yana isa gindin ramin, ramin ya riƙa tsukewa zagaye bayan zagaye, silin ya riƙa sirancewa har ya koma kamar gashin jariri. A 2011 ƙungiyar George Cotsarelis a Jami'ar Pennsylvania ta duba fatar masu sanƙo, ta tarar ƙwayoyin irin suna nan daram, tashi ne kawai ba sa yi. Iri yana rumbu, ruwa ne bai sauka ba. Magunguna biyu da aka daɗe da amincewa da su, minoxidil na shafawa tun 1988 da finasteride na sha tun 1997, suna rage gudun abin ne kawai, kuma ranar da aka daina, sanƙo ya ɗora daga inda ya tsaya. Na biyun ma mace mai ciki ba a son ta taɓa ko fasasshiyar ƙwayarsa, don yana iya yi wa ɗa namiji illa tun a ciki.

To me zai hana a shiga a kunna saƙon tashi kai tsaye? An yi. A 1998 ɗakin binciken Elaine Fuchs a Jami'ar Chicago ya samar da ɓeraye waɗanda aka gyara musu gado yadda saƙon Wnt ba ya mutuwa a fatarsu. Ɓerayen suka yi abin da ake cewa ba ya yiwuwa, suka riƙa gina sababbin ramukan gashi bayan sun girma. Amma da tafiya ta yi nisa sai ƙari ya fara fito musu a ramukan. Shekara guda bayan haka, a 1999, Ronald Crystal da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta New York suka ɗauki wani birus na mura da aka karya wa ƙarfi, suka ɗora masa rubutun saƙon bushiya, suka yi wa ɓeraye allurarsa a fata. Ramukan da ke hutu suka farka, gashi ya tsiro a wurin allurar kafin lokacinsa. Jaridu suka ɗauka, masu sanƙon duniya suka fara shafa kai suna murmushi.

Ga inda gizo ke saƙa. Wannan saƙo na bushiya, idan ya kunnu ya ƙi mutuwa, shi ne ke haddasa ciwon dajin fata da ya fi kowanne yawa tsakanin Turawa. Akwai ma shaida ta ɗaya gefen: a 2012 aka amince da wani magani, vismodegib, mai toshe saƙon don kashe wannan daji, kuma fiye da rabin masu shan sa gashinsu zuba yake yi. Makunni guda ne. Ka murɗa shi nan gashi ya fito daji ya biyo baya, ka murɗa shi can daji ya lafa gashi ya tafi. Ba abin mamaki ba ne, don tsiron gashi ninkuwar ƙwayoyi ne cikin sauri, ciwon daji ma ninkuwar ƙwayoyi ne cikin sauri, bambancinsu kawai ɗaya ya san lokacin tsayawa. Magabata sun riga sun ba abin suna: garin gyaran gira a rasa ido.

Birus ɗin da ake aikawa da saƙon ma ba jakin kowa ba ne. A cikin wannan shekara ta 1999 wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu a Amurka kwana huɗu bayan an yi masa allurar birus irin wannan dangi a gwajin jinyar wata cutar hanta ta gado. Garkuwar jikinsa ce ta tashi haiƙan ta kayar da gaɓoɓinsa. Mutuwarsa ta ja wa fannin birki na shekaru.

Inda aka ci nasara sosai wajen juya gashi da gado, a kan dabbobi ne, kuma tun suna ƙwai. Tun 1994 aka gano cewa ɓeran da ya rasa FGF5, mai cewa tsawo ya isa, gashinsa yakan yi tsawo fiye da kima, daga baya aka ga hakan a kyanwa da kare masu dogon gashi. A 2015 masanan ƙasar Sin suka yi amfani da CRISPR, wato almakashin yanka ADN, suka kashe wannan rubutu a jikin awakin da ake kiwo don gashinsu, suka sami awaki masu gashi mafi tsawo. Mu da jar akuyarmu ta Maraɗi ta yi suna da fata, mun san darajar a gyara irin dabba. Amma a lura, akuyar nan ba mai aka shafa mata ba. Tun tana ƙwayar halitta guda aka taɓa ta, kafin a mayar da ita cikin uwa. Wa zai miƙa ɗan da ke cikin matarsa a yi masa haka don kada ya yi sanƙo a shekara arba'in?

Har yau da nake wannan rubutu babu wata jinyar ƙwayoyin gado ta sanƙo ko zubar gashi da wata hukumar magunguna ta amince da ita. Ga masu son ganin yadda ta gaske take kama, ga misali biyu. A watan Mayun 2023 Amurka ta amince da Vyjuvek, wanda shi kam shafawa ake yi. Na yaran da aka haifa da wata cuta ne mai sa fata ta riƙa saɓulewa da ɗan gogawa kaɗan. A kan buɗaɗɗen rauni ake ɗiga shi, mako-mako, da birus a ciki mai ɗauke da rubutun da suka rasa, a cikin sanyi ake adana shi, kuma kuɗinsa na shekara dubban ɗaruruwan dalar Amurka ne. Dole sai ta rauni, don lafiyayyar fata katanga ce, ADN ba ya ratsa ta don an cuɗa shi da mai. Wannan kaɗai ya isa amsa ga kwalbar da ke kwana a rana cikin jakar ɗan talla. Misali na biyu ya fi kusa da mu. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy na masu sikila, wadda mu nan muka fi sani da emasi ko amosanin jini. Ana zaro ƙwayoyin irin jini daga majinyaci, a gyara su da almakashin nan, a ba shi magani mai ƙarfi da zai share ɓargonsa, sannan a mayar masa da gyararrun, ya yi makonni a kwance a asibiti. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, kuma dalar Amurka nake nufi ba dalarmu ta tamma biyar ba, wato ya haura miliyar guda na sefa. Abin dariya mai ciwo, maganin share ɓargon yana zubar da gashin kai kafin ya sake fitowa.

Uban da ya kwana yana jin kukan ɗansa mai emasi, ƙashi na sara, zai iya yarda da wannan kasada in ya samu hali, kuma ba mai ganin laifinsa. Ciwon yana kisa. Sanƙo ba ya kisa. Don haka ma'aunin ba ɗaya ba ne: maganin gashi sai ya zama kusan ba shi da wata illa kafin ya halatta a ba lafiyayyen mutum, kuma a ganina daidai ne da hukumomi suka ƙi sassautawa, ko da masu kuɗi na matsa musu.

Amma ba na cikin masu cewa binciken gashi ɓarnar dukiya ce, ko wai kwalliya ce kawai. Wanda ke faɗin haka bai taɓa ganin yarinya ƴar shekara goma sha uku tana danne ɗankwali da hannu biyu don iska ta taso a filin makaranta ba. Kuma fahimtar saƙonnin nan ta riga ta haifar da magani na gaske, ko da yake ba ta hanyar gyara gado ba. Akwai wata zubar gashi da ke zuwa farat ɗaya, a wayi gari a ga fili sumul a kai kamar an ɗora kwabo an zagaye, babu ƙaiƙayi, babu ɓawo. A wurinmu wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu. Garkuwar jiki ce ke kuskure ta afka wa ramin gashi. Wata masaniya a Jami'ar Columbia, Angela Christiano, ita kanta ciwon ya kama ta, ta mai da shi aikin rayuwarta. Ita da abokan aikinta suka bi sawun ƙwayoyin gadon da ke da hannu, suka gano hanyar da saƙon yaƙi ke bi a cikin sojojin garkuwa, hanyar da ake kira JAK. A 2014 suka ba majinyata uku maganin da ke toshe hanyar, gashinsu ya dawo. A 2022 aka amince da baricitinib don masu tsananin wannan ciwo, a 2023 kuma ritlecitinib har ga ƴan shekara 12 zuwa sama. Mutanen da suka yi shekaru ba gashi ba gira sun ga gashinsu. Sai dai magunguna ne masu tsada, sau da yawa in an daina gashin ya sake zuba, kuma suna rage ƙarfin garkuwa har ana gargaɗi a kan tarin fuka, abin da ba wasa ba ne a ƙasa irin tamu.

Me ya sa gashin waɗannan mutane ya iya dawowa bayan shekaru? Saboda garkuwar ta kai hari gindin ramin ne, ta bar ƙwayoyin iri da ransu. Ɓerayen Crystal ma ramukan da ke barci aka tasa. Mai jego ramukanta hutu suke. Ni kaina mai sanƙo irina yana rumbu. Amma akwai zubar gashin da ke ƙone rumbun kansa, tabo ya maye gurbin ramin, fata ta koma sumul tana ƙyalli. Wannan babu saƙon da zai tada shi, babu allura, babu mai, kuma ko gobe aka kawo maganin da Turawa ke mafarki, ba zai sami wanda zai yi wa magana ba. Manyan hanyoyi biyu da ke kai yaranmu can, kullum muna wuce su a tsakar gida da cikin aji.

Ta farko kitso ne. Ba kitson kansa ba, ja. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta duba kawunan jama'a a wata unguwar baƙaƙe ta birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, ta wallafa a 2007: cikin ƴan mata ƴan makaranta kashi 17 cikin ɗari gashinsu ya fara cinyewa saboda ja, cikin manyan mata kuwa kusan kashi 32. Haɗarin ya fi yawa idan an ja gashin da aka riga aka miƙar da man miƙarwa. Alƙaluman na can ne, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da makitsiya ranar jajiberin salla ya san hoton. Yarinya na kuka, ana danne kanta tsakanin gwiwoyi, ana ce mata ta yi haƙuri ado sai da wahala. A kamo ƴan ƙananan gashin gaban goshi, waɗanda suka fi kowanne rauni, a cusa su cikin kitso don ya fito tsaf. A ƙara meshi mai nauyi. Daren farko ba ta iya ɗora kai a matashi, kwana biyu ƙananan ƙuraje su jeru a bakin gashi. Ƙurajen nan ramuka ne ke kuka. In an sassauta da wuri, gashin yakan dawo. In aka ci gaba shekara da shekaru, goshi ya yi ta ja da baya, ya kai inda ba ya dawowa. Ɗaurin da ake tamke gashi da shi ta baya a ƙarƙashin hijabi, wuni guda, kullum a wuri ɗaya, shi ma ja ne.

Gado ma yana da nasa hannu a nan. Akwai wata zubar gashi mai tabo da ke farawa daga tsakiyar kan mata baƙar fata tana faɗaɗa. A 2019 wani bincike da Ncoza Dlova ta birnin Durban ke cikin jagororinsa ya sami canji a ƙwayar gado mai suna PADI3 a jikin kusan ɗaya cikin huɗu na matan da aka duba masu ciwon. Darasin da na ɗauka shi ne kawuna ba ɗaya ba ne. Kitson da wata ta ɗauka shekara ashirin lafiya lau, wata shi ne zai ƙarasa mata. Uwar da tsakiyar kanta ya fara haske, ita ya kamata ta fi kowa tausaya wa kan ɗiyarta.

Hanya ta biyu kora ce. Malaman firamare, ku da ke ganin kawuna sittin ko tamanin daga sama kowace safiya, kun fi ni saninta: fari-fari mai ɓawo, gashi ya kakkarye, yaro na susa. Ƙwayar cuta ce dangin funfuna, tana bin aska da injin aski da mataji da hula da tabarmar kwana, a makarantar boko da ta allo duka, musamman inda reza guda ke zagaye kawuna goma. Tana shiga cikin silin gashi har ƙasan rami, shi ya sa man shafawa kaɗai ba ya kai mata. Maganinta na sha ne, irin su griseofulvin, mako shida zuwa takwas ba fashi, da takardar likita, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kwalba ukun mai farar riga ba. Amma me muke yi? Mu ce ta yara ce za ta wuce. Ko a kankare wurin da reza har jini ya fito. Da idona na ga kan yaro da aka shafa wa baƙin cikin batir, na ga wanda aka ɗiga wa man birki. Wasu kuma su lakato man bilicin na uwa su shafa, ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu, cutar kuwa ta samu taki. Idan kora ta kai ga kumbura tana fitar da mugunya, aka bar ta haka, tabo take bari, kuma yaron zai girma da wannan fili har furfura.

Ba na roƙon malami ya zama likita. Abin da ke hannunsa ya fi haka sauƙi: ya ga kora ya kira uba ya tura shi gidan likita, ya tambaya bayan mako biyu ko ana shan maganin, don yawanci da wurin ya fara kyau ake ajiyewa. Kada ya kori yaron daga aji bayan an fara magani, babu buƙata. Ya kuma hana sunan "mai kora" zama a bakin ƴan aji, don na san yaran da ba cutar ce ta raba su da makaranta ba, dariya ce. Yaron da gashinsa ya yi ja ya yi laushi yana tsigewa da ɗan taɓawa kuwa, wannan ba maganar kai ba ce, tamowa ce ke sallama, a duba kwanonsa. Malamai mata su ne za su iya abin da ni ba zan iya ba, su kira yarinya gefe su dubi bakin gashinta. Iyaye maza kuma mu daina cewa kitso harkar mata ce. Kai ne ke biyan kuɗinsa, kana da bakin cewa a sassauta. Ka sayi mataji da reza na kowane yaro, ba su kai kuɗin goron yini ba.

Ni dai a ajina na riga na shirya darasin mako mai zuwa. Kowane ɗalibi zai zo da sili guda da ya faɗo da kansa a mataji, mu duba ɗan farin kan da ke gindinsa da gilashin ƙara girma, mu zana ramin, mu lissafa watanni. Daga nan in kunna musu bidiyon mai farar riga, su da kansu su nemo inda ya yi ƙarya.

Hajiya kuwa na ce mata ta riƙe jikkunanta. A tsefe kitson yau, a bar kan ya huta, in za a yi wani a yi manya masu sassauci, a bar gashin goshi a sake, kada a kusance shi da man miƙarwa. Ta kai yarinyar likita ya duba ko akwai ƴan siraran gashi a wurin, don su ne alamar ramukan na da rai, a auna mata jini kuma. Na gaya mata kada ta sa ran ganin canji kafin wata uku ko huɗu, lissafin ramin ke nan, ba ya sauri don uwa ta matsu. Ta yi shiru tana juya salular, sannan ta jefa ta cikin jaka. Ta ce likita ba wuya, gobe ma sai su je. Abin da ke gabanta shi ne makitsiyar ƙanwar maigidanta ce, shekara bakwai tana yi wa yaran kitso kyauta, kuma ita ba ta ga bakin da za ta buɗe ta ce mata hannunta ya yi tsauri ba.